Kundin Kammala Karatu: Ku Kai wa Ɗalibi Matsalarku

Gaisuwa ga makiyaya a ruga da mashekari, da fataken da ke kan hanya, da 'yan uwa na New Bell a birnin Duwala. Yau maganarmu a kan 'ya'yanmu ce masu karatun injiniyan sadarwa, wato ilimin waya da rezo da intanet.

A Jami'ar Duwala, wadda aka kafa a 1993, ana koyar da wannan fanni. Kafin ɗalibi ya karɓi takardarsa, sai ya rubuta kundin bincike, abin da ake ce wa memuwar da Faransanci, ya kuma tsaya gaban malamai ya kare shi. A aji malami ne ke kawo tambaya, kuma ya san amsarta. A kundi kuwa ɗalibi ne zai nemo matsala, ya auna, ya gwada, abu ya ƙi, ya sake gwadawa. Malami mai duba shi yana nuna hanya ne kawai. Nan ne ake gane wanda zai iya aiki shi kaɗai ranar da rezo ya ɗauke kuma babu wanda zai tambaya.

To, ina ruwan makiyayi da ɗan kasuwa? Ai ku ne masu matsalar. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Ga misali. Wanda ya saba bin Fotokol da Gamboru, ko Kusiri da Njamena, ya san wannan: kana cikin ƙasarka, amma wayarka ta kama rezon maƙwabta, a caje ka kamar ka yi tafiya waje. Dalili shi ne siginar rediyo ba ta san iyaka ba. Idan rezon gida ya yi rauni, waya sai ta kama turken da ta samu. Magani na kusa shi ne ka shiga saitin waya ka zaɓi kamfaninka da hannu. Amma a wane lungu hakan ke faruwa, da wane lokaci? Wannan aikin ɗalibi ne: ya bi hanya da waya da littafi, yana rubuta ƙarfin sigina wuri bayan wuri.

Misali na biyu, daji. Makiyayi kan hau tudu ko bishiya kafin ya ji farashin shanu a Ngaundere ko Duwala. Turken waya na tsohon tsarin GSM ba ya wuce kamar kilomita 35 ko da fili ne fetal, duwatsu da itatuwa kuma suna rage shi ƙwarai. Sigina mai megahaz 900 ta fi mai 1800 nisan zango. Ɗalibin da ya san burtali da mashaya zai iya lissafa inda ya dace a kafa turke, da yawan hasken rana da zai riƙe shi. Wa zai nuna masa burtali in ba ku ba?

Kada a ce wannan mafarki ne. Arthur Zang, ɗan Kamaru da ya yi karatun injiniya a Yawunde, ya lura likitocin zuciya sun yi ƙaranci, kuma yawancinsu suna manyan birane. Sai ya ƙera na'urar Cardiopad, wadda ke auna bugun zuciya a asibitin ƙauye ta aika wa likita ta hanyar rezon waya. Ya ci kyautar Rolex a 2014, ya kuma ci kyautar ƙirƙirar injiniyoyin Afirka da ake bayarwa daga Ingila a 2016. Daga matsalar mutane ya fara.

Saboda haka ga roƙonmu guda uku.

Iyaye, in yaro ya ce a ba shi kuɗi a rubuta masa kundi, kada ku bayar. Ku ba shi kuɗin mota da na kayan gwaji. Wanda aka rubuta wa, ranar kare kundi tambaya ɗaya ke tona shi, in ma ya tsallake, wurin aiki zai tona shi.

Alhazai da sarakunan Fulani, in ɗalibi ya zo da takardar makarantarsa yana tambaya, ku zaunar da shi. Ku faɗa masa inda kira ke yankewa, da inda kuɗin da aka turo ta waya ke maƙalewa.

Ku kuma ɗalibai, 'yan New Bell da sauran unguwanninmu, kuna da abin da wasu ba su da shi: kuna jin Hausa, wasunku har da Fulatanci, ga Faransanci. Ku zaɓi tambaya ƙarama wadda za ku iya aunawa da kanku, ku rubuta abin da kuka gani ko da bai zo yadda kuka so ba. In kun gama, ku koma ku gaya wa waɗanda suka ba ku labari abin da kuka samo.

Allah ya ba yaranmu ilimi mai amfani, ya kiyaye dukiya da hanya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.