Shin Malam Aminu Kano Mai Tsattsauran Ra'ayi Ne?

Tun da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, masu mulki suka yi wa Malam Aminu Kano kallon mai tsattsauran ra'ayi. To, me yake nema? A rage ƙarfin En'e, a daina danne talakawa, a bai wa mata damar jefa ƙuri'a. Wani zai ce ai bakin 'yan NEPU ya yi zafi. Gaskiya ne, sun tunkari sarauta gaba da gaba. Amma da manufa ake auna ɗan takara. A 1979, lokacin da Malam ya nemi shugabancin ƙasa a PRP, matan Arewa sun bi layin zaɓe, kuma gwamnonin jam'iyyar a Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali.