Ƙugiyar Ƙwayar Cutar Mafitsara da Makunninta

Mafi yawan ciwon mafitsara, wanda ya fi addabar mata, wata ƙwayar cuta ce mai suna Escherichia coli take haddasa shi. Abin tambaya shi ne, yaya take samun wurin zama a inda fitsari yake wankewa sau da yawa kowace rana?

Asirin yana ga wani siririn gashi da yake tsirowa a jikinta, wanda Duguid na Jami'ar Edinburgh ya raɗa wa suna fimbriae a 1955. A bakin kowane sili akwai wata ƙugiya, FimH, mai cafke wani irin sukari, watau manos, da yake shimfiɗe a bangon mafitsara. To, amma ƙugiyar nan ita ce kuma take tona mata asiri, domin da ita fararen ƙwayoyin jini suke gane ta su haɗiye ta.

Saboda haka ba kullum take fitar da gashin ba. A 1985 Eisenstein da abokan aikinsa a Amurka suka gano dalili. A cikin kundin gadonta, watau DNA, akwai wani guntu mai haruffa 314, wanda yake ɗauke da mafarin karatun umarnin ƙera gashin. Guntun nan yakan yanke, ya juya, ya sake haɗuwa. In ya fuskanci umarnin, sai gashi ya tsiro. In ya ba shi baya, sai ƙwayar ta zauna sumul. A 1986 Per Klemm na Denmak ya nuna masu juya shi su biyu ne: FimB yana kunnawa yana kashewa, FimE kuwa galibi kashewa yake yi. Daɗa, ɗumin jikin mutum yana rage kuzarin FimE, sai makunnin ya fi karkata ga kunnuwa.

Ke nan a cikin zuriya guda ana samun masu gashi da marasa gashi. Masu gashi su kama bango, marasa shi su tsere wa masu farauta. Lalle wannan ya fi a ce dukkansu sun bi hanya ɗaya.

Masana sun yi tunanin toshe ƙugiyar da sukarin manos, ganin yadda magungunan kashe ƙwayoyin cuta suke ta rasa ƙarfi. Sai dai wani gwaji da aka yi a Birtaniya, aka buga a 2024, ya nuna shan manos kullum bai hana ciwon komowa ga mata ba.