Abin da Matafiyi Yakan Gano a Ingila

Duk wanda Allah Ya nufa da ziyarar Ingila ya komo gida lafiya, tun daga Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya je can a 1921, har zuwa ɗalibanmu na yau, abin da yakan fara ba da labarinsa shi ne nizami. A tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, wanda ya fara aiki tun 1863, za ka ga attajiri da lebura a layi ɗaya, kowa ya raɓe dama bisa matakalar lantarki domin mai gaggawa ya wuce ta hagu, in ma ka taka ƙafar Bature, sau da yawa shi zai riga ka ba da haƙuri. Alkawarin lokaci kuwa amana ne a wurin mutanen Ingila, saɓa shi aibi ne babba.

Sai dai baƙo ba ya daɗewa kewa take kama shi, domin mutum yakan yi shekara da shekaru bai san sunan maƙwabcinsa ba, gaisuwa ba ta wuce zancen ruwan sama, ziyara sai da neman izini tun da wuri, tsofaffi da dama kuma suna gidajen kula da gajiyayyu alhali 'ya'yansu na raye.

Saboda haka, jama'a, mu koyi kiyaye lokaci da bin layi daga gare su, amma haƙƙin maƙwabtaka da sada zumunci da biyayyar iyaye, waɗanda shari'a ta wajabta mana, kada mu yarda su kuɓuce mana.