Shawara a Jikin Dattijo: Kada a Jira Sai An Gama Girbi



Maganarmu yau a kan ciwon daji na fankiriyas ce, wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, wadda take fitar da ruwan narkar da abinci da kuma insulin mai daidaita sukari a jini. A 2022 an ƙiyasta mutum wajen 510,000 sun kamu da shi a duniya, wajen 467,000 kuma sun mutu. Ko a Amurka, cikin marasa lafiya 100, wajen 13 ne ke kai shekara 5; in an gano shi tun bai bazu ba, 44. An fi samunsa a Turai da Arewacin Amurka. Lissafin Afirka kaɗan ne, amma kada wannan ya ruɗe mu, da yawa suna rasuwa a gida ba a taɓa gwada su ba.

Ga inda ya shafe mu. Mu da muke noman rani da ruwan Tiga a Kura da Bunkure, mun saba da zazzaɓin sauro, don haka in idon mutum ya yi rawaya sai mu ce shawara ce, a jiƙa saiwa a sha. Amma in dattijo ya yi shawara, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, jiki na ƙaiƙayi, yana ramewa ba dalili, ko ciwon ciki na sukarsa har baya, mai yiwuwa ƙari ne ya toshe hanyar matsarmama. Haka ma ciwon sukari da ya zo farat ɗaya bayan shekara 50 tare da rama. Wajen mutum 1 cikin 5 ne kawai ake samu tun tiyata na yiwuwa. Baba ya ce sai an kwashe tumatir ko shinkafa, waɗannan makonnin ne ke raba tiyata da rashinta.

Taba sigari tana ninka haɗarin kusan sau 2. Sai ƙiba, daɗaɗɗen ciwon sukari, yawan shan giya, har da burukutu, da kuma gado.

Dattawa, in kun je gaisuwa da addu'a kuka ga waɗannan alamu, ku yi addu'ar, ku kuma haɗa kuɗin mota. A fara da Babban Asibitin Kura, a nemi gwajin jini da hoton ciki, in likita ya tura Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, a tafi cikin makon nan.