Idan Allon Lantarki Ya Ƙone Yaro, Wa Zai Biya?

Allon nan mai taya biyu da yara ke tsayawa a kai batir yana jan su ya shigo shagunan Abuja. A watan Yulin 2016 an janye fiye da 500,000 daga kasuwar Amurka, saboda batirinsu yana ɗaukar zafi har ya kama wuta.

To, idan ya ƙone yaro a Kubwa, wa za a kama? Galibi a China ake ƙera su. Amma sashe na 136 na dokar kare masu sayayya ta 2018 ya ɗora diyya kan wanda ya kawo kayan ya sayar. Shi ya ci riba, shi zai biya kuɗin asibiti. Iyaye, ku riƙe rasit da kwali, ku kai ƙara hukumar kare masu sayayya ta FCCPC.