Na'urar Dangwale Da Ma'aikatan Dare: Kana Bakin Aiki, Kwamfuta Na Cewa Ka Yi Fashi

Yau ba ni da baƙo, ni kaɗai ne, kuma maganar da zan yi daga cikin gidanmu ta taso. Don haka in kun ji muryata ta ɗan ɗaga, ku yi min uzuri.

Yayata ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a nan Kano. Ba zan faɗi sunan asibitin ba, don na bincika na ga matsalar ba ta wuri ɗaya ba ce. Idan tana dutin dare, ƙarfe 9 take karɓar aiki, sai 8 na safe take miƙa wa na safe. Awa 11 ke nan a kan ƙafa. Wata rana a ƙarshen wata na shigo gida na tarar da ita a ɗakin Umma, ta riƙe waya ta yi tagumi. Na ce, "Yaya, lafiya?" Ta ce, "Auta, zo ka duba min wannan alat ɗin, ko idona ne." Na duba, albashin bai cika ba. Da ta je ofis washegari, sai aka ce mata wai kwamfuta ta nuna ta yi fashin kwana shida. Matar da ni da kaina nake kai ta bakin get a babur.

To bari in warware muku yadda abin ya faru, don sai an fahimci inda gizo ke saƙar kafin a san me za a nema.

An kawo musu na'urar dangwala yatsa, ka dangwala in ka zo, ka dangwala in za ka tashi. Tun farko ina aka girke ta? A cikin ofishin mulki, wanda ake kullewa ƙarfe 4 na yamma. Da na dare suka yi magana, sai aka ce su riƙa zuwa su dangwala kafin a kulle. Wato mai aikin ƙarfe 9 na dare ta zo tun uku da rabi, sannan ko dai ta zauna zaman jira na sama da awa biyar, ko ta koma gida ta sake dawowa. Kuɗin mota sau biyu ke nan, a ƙasar da tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin adaidaita yake cinye wa ƙaramin ma'aikaci aljihu. An yi wata guda ana wannan wahala kafin a fito da na'urar baranda.

Kowa ya ce alhamdu lillahi, an huta. Ashe babbar matsalar tana gaba. Na'urar an saita ta ne a kan aikin ofis, Litinin zuwa Juma'a, safe zuwa yamma, kuma ranarta tana ƙarewa ne ƙarfe 12 na dare. Dangwalen farko na rana shi take ɗauka a matsayin shiga, na ƙarshe kuma fita. Yanzu ku biyo ni a hankali. Yaya ta yi dare uku a jere: Litinin, Talata, Laraba. Ranar Litinin sau ɗaya ta dangwala, ƙarfe 9 na dare, sai na'ura ta ce ba a ga fitarta ba, fashi. Talata da Laraba ta dangwala 8 na safe da za ta tafi gida, ta dangwala 9 na dare da ta dawo, sai na'ura ta rubuta wai ta shigo da safe ta tashi da daddare. Alhamis da safe ta dangwala ta tafi, dangwale ɗaya ne, fashi. Juma'a ranar hutunta ce a jadawalin ɗakinsu, amma babu wanda ya shigar da jadawalin cikin kwamfuta, nan ma fashi. Ta yi aikin awa 33, an rubuta mata fashin kwana uku. Kwana biyun da na'urar ta yarda ta zo aiki kuwa, awannin da take gida tana barci ne. Sau biyu ta yi irin wannan dutin a watan, kun ga inda kwana shida ya fito.

Sai da ta rubuta takarda, shugabarsu ta sa hannu, ta yi sintiri ofis sau uku, duk da rana, duk a lokacin da ya kamata tana barci, kafin kuɗin ya dawo bayan wata biyu.

Kar wani ya ce ina adawa da na'ura. Wallahi a'a. Duk mun san abin da ya kawo ta. Mun san ma'aikatan bogi, mun san masu zuwa ofis ranar albashi kawai, mun san yadda a littafin sa hannu mutum ɗaya zai sa wa abokansa biyar. Saboda irin wannan ne ma gwamnatin tarayya ta fara tsarin biyan albashi na IPPIS tun 2007. Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibiti da daddare ya rasa mai duba shi, ya san amfanin a tabbatar kowa yana bakin aikinsa. Ni ma ina so a kama mai fashi. Abin da nake cewa shi ne, wannan tsarin yana hukunta wadda ta kwana a ɗakin marasa lafiya, shi kuma mai zuwa ya dangwala da safe ya zille kasuwa ya dawo ya dangwala da yamma, shi ne ma'aikaci nagari a idon kwamfuta.

Kuma fa ba asibiti kaɗai ba. Bayan abin Yaya na fara tambayar mutane. Baba maigadi na wani ofis a unguwarmu ya ce min shi 6 na safe yake tashi aiki, amma rajistar tana cikin durowar wani jami'i da ba ya zuwa sai 8 ta wuce. In ya tafi bai sa hannu ba, bai zo aiki ba ke nan. Kullum awa biyu kyauta, a kan benci, yana gyangyaɗi. Wani abokina da ke aikin dare a kamfanin robobi ya ce su kuma taron ma'aikata da tantancewa duk ƙarfe 10 na safe ake sa su, wanda bai halarta ba a ba shi takardar tuhuma. Ka fito daga aiki da asuba, ka je gida ka dawo, ko ka kwanta a masallacin kamfani har lokaci ya yi, sannan da daddare ka koma kan inji. Ku tuna kuma a watan Yulin 2022 gwamnatin Kano ta hana zirga-zirgar adaidaita daga 10 na dare zuwa 6 na safe saboda tsaro. Mai aikin dare ba kamar na rana ba ne da zai fito titi kowane lokaci ya samu abin hawa, shigarsa da fitarsa a ɗaure suke da lokacin da mota ke samuwa.

Mu zo kan kuɗi. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ka raba shi kwana 30, ka cire kwana shida, naira 14,000 ta tafi. Ga mai shara ko maigadi, wannan abincin gida ne na kwanaki. Yayata ta iya rubuta takarda ta bi kadin haƙƙinta. Baba maigadi fa? Zai ce Allah ya isa a zuciyarsa ya haƙura.

Ga kuma lafiya. Jikin ɗan Adam an halicce shi ne ya yi barci da dare, mai aikin dare dama da bashin barci yake yawo. Masu bincike sun nuna cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa kamar na wanda ya ɗan sha barasa. Hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2019, ta sa aikin dare cikin jerin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar daji. Duk awar da aka ƙwace daga barcin nas don ta jira mai makullin ofis, daren gobe ita ce za ta auna wa mahaifiyarka magani. Direban motar asibiti da aka tsare a taron ƙarfe 10, shi zai ɗauko matarka tana naƙuda ƙarfe biyun dare.

Shin akwai wata madogara? Akwai. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana da yarjejeniya a kan aikin dare, mai lamba 171, ta shekarar 1990. Cikin abin da ta tanada akwai duba lafiyar ma'aikatan dare kyauta, da kuma tuntuɓar wakilan ma'aikata kafin a shimfiɗa jadawalin da ya shafi aikin dare. Wannan shi ne mizanin da duniya ke kallo. A gida kuma, Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda ta shafi masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis, ta ce wanda ya yi aikin awa shida ko fiye a rana yana da hutun da bai gaza awa ɗaya ba, yana da hutun yini guda a kowane kwana bakwai, kuma ta taƙaita yadda mai aiki zai yanki albashin ma'aikaci. Rashin sani ya fi dare duhu, da yawanmu ba mu taɓa jin waɗannan ba.

To me muke nema? Abubuwa ne da ba sa buƙatar kasafin kuɗi. A ajiye na'ura ko rajista a inda ma'aikacin dare zai same ta kowace awa, da batir ko sola don ranar da aka ɗauke wuta. A saita ta ta gane dutin da ke tsallaka ƙarfe 12 na dare, wanda irin waɗannan na'urori suna iya yi, mai saitin ne ba a gaya masa akwai masu kwana a wurin ba. A shigar da jadawalin kowane sashe duk wata, har da ranakun hutu. Kafin a taɓa albashin mutum, a nuna masa abin da kwamfuta ta rubuta, a ba shi kwanaki ya kare kansa da littafin miƙa aiki. Taro da tantancewa kuma a ware wa na dare nasu lokacin, dab da shigarsu ko fitarsu. Sannan duk kwamitin da zai tsara wannan, a sa mutum ɗaya da ke aikin dare a ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ke kuma 'yar'uwa mai dutin dare, da kai ɗan'uwa, ga shawarata. Ku riƙa ɗaukar hoton jadawali a waya duk wata. Ku rubuta lokacin shigarku da fitarku a ɗan littafi. In an yanke muku kuɗi, kar ku tsaya ƙorafi a baranda, ku rubuta takarda ɗaya ku sa hannu gaba ɗaya, ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Ku bi ta ƙungiyarku, ma'aikatan jinya da ungozoma suna da NANNM. In abin ya faskara, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, tana da ofisoshi a jihohi kuma ba a biyan ko sisi. Akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

A asibitin su Yaya, su goma sha ɗaya suka sa hannu a takarda guda. An kira mai saitin na'urar, bai yi awa biyu ba ya gyara matsalar ƙarfe 12. Maganar taron safe kam har yanzu ana kai ruwa rana, Baba maigadi kuma jiya ma da na wuce wajen bakwai da rabi yana kan bencinsa. Na yi masa alkawarin ranar Litinin zan zauna mu rubuta tasa takardar tare.

In kana da mai aikin dare a gidanku, ka tambaye shi yau yadda ake ɗaukar zuwansa aiki, ka kuma tura masa wannan shirin. A nan zan dakata, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.