CACA DA DOKA: WA A KE KAMAWA, WA A KE ƘYALEWA?

Wannan lacca ce da aka karanta wa 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa na Birnin Kudu da Gwaram. Mun buga ta domin waɗanda ba su sami zuwa ba.

  

Abin da ya sa muka ɗauko zancen caca yau shi ne, da wuya kaka ta wuce wani uba ko wata uwa ba su zo ofishinmu da kuka ba. Wannan ya ce an kama ɗansa da karta a gindin mangwaro. Waccan ta ce mijinta ya sayar da buhun riɗi, kuɗin ba su kwana a gida ba. Kwanan baya wani dattijo ya yi mana tambayar da ta ɗaure mana kai. Ya ce, "Malam, yaya a ke kama yaro a kan naira ɗari biyu a bayan kasuwa, ga wani yana zuba dubu ashirin ta waya a kan ƙwallon Ingila, har a kan yi tallar abin a talabijin?" Muka rasa amsa. Sai muka koma muka buɗe littattafan doka, ga kuwa abin da muka samo.

Tun da fari, kada wani ya fita daga nan ya ce mun zo kare caca. Ayar Baƙara ta 219 da ayoyin Ma'ida na 90 da 91 sun hana ta ƙarara, ba mu kuwa taɓa jin malamin masallaci ko na majami'a da ya yabe ta ba. Amma hanin addini dabam, abin da ɗan sanda zai kai mutum kotu a kansa dabam. Talakan da bai san wannan bambanci ba, shi a ke tatsa.

To, bari mu faro daga tushe. A 1904 Gwamna Lugga ya kafa wa ƙasar Arewa dokar laifuffuka wadda a ke kira Kiriminal Kod, a 1916 aka shimfiɗa ta a Nijeriya duka. Har yanzu ita jihohin Kudu da yawa su ke bi. A sashe na 236 ta jera wasannin da ta haramta: wasan ɗan lido na kuɗi da irinsa, da kartar da ba ta gwaninta ba, da wasan wuri. Abin mamaki, a cikin wannan jeri Turawa sun rubuta kalmarmu ta Hausa, watau caca, da sunanta. Ashe tun zamanin da a ke ciniki da wuri sun san ta a kasuwanninmu. Ma'aunin da suka sa kuwa guda ne: in gwaninta ce ke sa a ci, wasa ne; in sa'a ce, caca ce.

Amma ku saurari wannan. Dokar nan da ta hana cacar wuri, ita ce kuma ta buɗe ƙofa ga kulob ɗin sukuwa da Gwamnati ta yarda da shi, ta ce yana iya karɓar kuɗin masu zuba wa dawaki ran sukuwa in an ba shi izni. Watau Bature da attajiri su zuba fam a filin sukuwa, doka na kallo. Talaka ya watsa wuri a bakin kasuwa, sai gidan yari. Gaskiyar Bahaushe da ya ce dokin mai baki ya fi gudu. Wannan bambanci tun can ya samo asali, bai kuwa mutu ba.

A 1959 Majalisar Jihar Arewa ta yi tata doka, Final Kod, aka fara aiki da ita ran 30 ga Satumba, 1960, jajiberin mulkin kai. An ɗauko tsarinta daga ta Sudan, ita kuma ta Sudan daga ta Indiya. A lokacin Birnin Kudu da Gwaram gundumomi ne na En'e ta Kano. Jihar Kano ta gaji wannan doka a 1967, Jigawa kuma ta gaje ta da aka ƙirƙiro ta a 1991. Lambobin sassan da za mu faɗa na asalin littafin ne. Ga abubuwa huɗu da ta tanada, ku riƙe su da kyau.

Na ɗaya, mai gida. Wanda ya buɗe ɗaki ko rumfa ko wani wuri inda jama'a ke shiga domin zuba kuɗi ko wasan sa'a, da wanda ya taimaka wajen tafiyar da wurin, sashe na 205 ya ce a iya ɗaure su har shekara 2, ko tara, ko duka biyu. Masu ba da hayar shago, ku lura. In ka san abin da a ke yi a shagonka, ka kuma sa hannu a ciki, kada ka ce ai haya kawai ka ke karɓa.

Na biyu, mai wasa. Wanda aka samu yana wasan sa'a don kuɗi, ko don abin da ke da darajar kuɗi, a wurin da jama'a ke taruwa, dokar ta sa shi cikin jerin zauna-gari-banza a sashe na 405. Horonsa na farko ɗaurin da bai wuce wata 1 ba, ko tara, ko duka biyu. Ku ƙirga sharuɗɗan: sa'a, kuɗi, bainar jama'a. Sai ukun sun haɗu laifin nan ya tabbata. Dattawan da ke dara a ƙofar gida ba kuɗi a tsakani, ba su shiga wannan sashe ba. Samarin da ke karta don hira kawai, su ma haka.

Na uku, tambola. Sayar da tikiti domin a jefa ƙuri'a wani ya ci kyauta, ba da iznin hukuma ba, laifi ne. Amma adashe ba ya cikin wannan. Iyayenmu mata, ku kwantar da hankalinku. A adashe kowa abin da ya zuba shi zai ɗauka, ko da ƙuri'a aka jefa don a san wanda zai fara kwasa. Ba mai ci, ba wanda a ke ci. A caca kuwa, sai aljihun wani ya huje kafin na wani ya cika.

Na huɗu, 'yan wala-wala. Masu shimfiɗa kati uku a bakin tasha ran kasuwa, da abokansu da ke tsaye suna nuna kamar sun ci don su jawo baƙauye, wannan ya wuce caca, zamba ce. Sashe na 320 ya bayyana ta, na 322 ya sa mata ɗaurin da zai iya kai shekara 3. Wanda aka yi wa wala-wala zaluntarsa aka yi, yana da ikon kai ƙara.

Sa'an nan a shekara ta 2000 Jigawa ta bi sahun Zamfara ta kafa dokar laifuffuka ta shari'ar Musulunci, wadda ke aiki a kan Musulmi a kotunan shari'a. A nan ma'aunin ya fi tsauri. A wurin malamai, ko dara ce, muddin kowane ɓangare ya ajiye kuɗi mai ci ya kwashe, ta zama caca, a ɗaki a ke yi ko a fili. Sai dai caca ba ta da haddi irin na sata. Horonta ta'aziri ne, watau abin da hukuma ta ƙayyade. Kuma alƙalin shari'a ba zai karɓar maka bashin caca ba, gama ba dukiyar halal ba ce. Hisba tana gargaɗi, tana kuma miƙa mutum ga hukuma, amma yanke hukunci aikin alƙali ne shi kaɗai.

Yanzu mu komo kan tambayar dattijon nan. A 2005 Gwamnatin Tarayya ta yi dokar tambola ta ƙasa, ta kafa hukuma a Abuja mai ba kamfanoni lasin. Da wannan takarda kamfanonin cacar ƙwallo suka bazu, suka buɗe shaguna, suka shiga wayar kowa. In an taɓa su a Arewa sai su ɗaga takardar Abuja. A 2024 Hisbar Kano ta rufe shaguna da dama irin waɗannan, gardamar takarda kuwa ta taso. Can ma a Kudu, Jihar Ikko ta riga ta kai Tarayya ƙara tun 2008, ta ce wannan ba hurumin Abuja ba ne. Ran 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci: caca da tambola ba su cikin jerin abubuwan da Tsarin Mulki ya ba Majalisar Tarayya, saboda haka dokar 2005 ba ta da ƙarfi a jihohi, sai a Babban Birnin Tarayya kaɗai.

Jama'a, kun ji ma'anar wannan? Ikon hana caca, ko ƙayyade ta, a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ya dawo Dutse, hannun Majalisar Dokokin Jiha, hannun mutanen da ku kuka jefa wa ƙuri'a. Uzurin cewa abin daga sama ya ke ya ƙare.

Ku 'yan kasuwa kun fi mu lissafi, to bari mu yi shi tare. A ce wasa ne da ko wannan ya ci ko wancan, daidai wa daida. Mutum biyu kowa ya zuba naira 100, ɗaya a nan ɗaya a can. Kamfani ya karɓi 200. In ya yi alkawarin biyan 190 ga wanda ya ci, 10 ta zauna a aljihunsa, ko wa ya ci. Shi ba caca ya ke yi ba, kamasho ya ke yanka. Wanda kuma ya jera wasa 10 a tikiti guda, in kowane wasa rabi da rabi ne, damarsa ta cinye duka 1 ce cikin 1,024. Mai zuba naira 500 kullum, a shekara ya zuba 182,500. Ku da kanku ku auna buhu nawa ne wannan a kasuwar Sara. Wanda ya ci sau ɗaya duk gari sai an ji. Ɗari da aka cinye, shiru su ke yi don kunya.

To, in ƙaddara ta sa an kama ɗanka ko yaron shagonka, ga abin da za ka sani. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 36, ya ce ba a hukunta kowa sai a kan laifin da ke rubuce a doka, da horonsa a rubuce. Ka tambaya cikin ladabi, wane sashe ne aka ce ya karya. Sashen nan kuma ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana 1 in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana 2. Birnin Kudu da Gwaram duk akwai kotu. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuma ta hana a kama uba ko ɗan'uwa a madadin wanda a ke nema. In kotu ta ci tara, ka biya a kotu ka karɓi rasit. Kuɗin da aka ba wani a bayan mota ba tara ba ne, cin hanci ne, mai bayarwa da mai karɓa duk doka ta hau kansu. Kada kuma ka yi kokawa da mai kama ka, domin wannan wani laifi ne sabo da ya fi na farko nauyi.

Abin da mu ke nema ga wakilanmu na Dutse abu uku ne, ba su kuwa fi ƙarfinsu ba. Na farko, a fassara sassan dokar caca da Hausa, boko da ajami, a manna a kasuwanni da tashoshin mota, a karanta a rediyo, don kowa ya san iyakarsa. Na biyu, ma'auni ya zama guda. In an hana, a fara da mai shago da kamfanin da ke bayansa, waɗanda ke kwasar riba, kafin a zo kan yaron da aka cinye. Ba daidai ba ne a sare reshe a bar saiwa. Na uku, duk kuɗi da wayoyin da aka karɓe wajen kame a rubuta su a gaban shaidu, a kai su kotu, kada su ɓace a hanya.

Mu ma akwai namu aiki. Sarakunan kasuwa da shugabannin 'yan tebur da na 'yan acaɓa, ku san abin da a ke yi a bayan rumfunanku. Mai gida, in ka aiki yaro da kuɗin kaya, ka bi sawu tun da wuri. In yaro ya faɗa cikin wannan rami, a jawo shi da nasiha da sana'a kafin a kai ga ɗan sanda, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Wanda kuma aka zalunta da sunan dokar caca, ya zo ofis da shaidunsa, mu taimaka masa da rubutun takardar koke, ba za mu karɓi ko kwabo ba.

Ku tafi da wannan magana gida, ku gaya wa waɗanda ba su zo ba. Allah ya tsare mana jarinmu da 'ya'yanmu, ya ba mu shugabanni masu adalci, ya kai kowa gida lafiya. Amin. Wassalamu alaikum.